Gwajin jinin jarirai a Kebbi: wanne ake yi, yaushe, kuma me ke biyo bayan sakamako?

Jami'in lafiya na matakin farko, Jega

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitocin yara, ungozomomi da ma'aikatan ɗakin gwaji ne. Kwamitin lafiya na mazaɓa yana son a rubuto masa abin da ake buƙata kafin ƙaramin asibiti ya fara gwada jarirai don gano sikila tun suna cikin zanen goyo. Shin gwamnati na da wani tsari a kan wannan da za a jingina da shi? Gwajin jinotayif ɗin da ake yi wa masu shirin aure a ɗakunan gwaji na cikin gari, zai yi wa jariri ɗan kwana bakwai? Kuma ana ta cewa a ƙasashen Turawa digon jini ɗaya daga dunduniya yana nuna cututtuka da yawa, to wanne daga cikinsu ya dace mu damu da shi a nan? Allah Ya saka da alheri.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da ta biyu, domin nan aka fi yin ɓarna. A'a, gwajin masu aure ba na jariri ba ne.

Jariri yana zuwa duniya da wani nau'in himogulobin (sinadarin jan jini mai ɗaukar iska) na zaman ciki, ana kiransa F, kuma shi ne kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na abin da ke jininsa ranar haihuwa. A na lafiya da S na sikila, waɗanda muke nema, 'yan kaɗan ne a lokacin. Injin ilektiroforesis da akasarin ɗakunan gwaji ke amfani da shi yana jera nau'o'in ne a kan takarda: A, sai F, sai S, sai C (wani nau'in da idan ya haɗu da S shi ma yake kawo sikila). To F ɗin jariri yana fitowa da kauri a tsakanin A da S, ya shafe siririn layin da ke gefensa. Mai karantawa sai ya ce AS alhali SS ne, ko ya ce babu komai. Gwajin nan kuma na sikilin da ake ɗiga magani a kan gilashi, da ɗan'uwansa na kwalba da ake duba gurɓacewar ruwa, sun fi muni: S ɗin jariri bai kai yawan da za su gani ba, kuma ko a babba ba sa raba AS da SS. Sai F ya sauka, wajen wata shida, sannan waɗannan hanyoyi ke fara zama abin dogaro, alhali ana son a fara kare yaro tun kafin nan.

Abin da ke yi wa jariri aiki shi ne injin HPLC ko IEF, masu rarrabe nau'o'in himogulobin dalla-dalla, ko kuma 'yan sandunan gwajin nan-take irin HemoTypeSC da SickleSCAN.

Batun gwamnati: akwai tsari. Tsakanin 2011 da 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa cibiyoyin sikila shida, ɗaya a kowace shiyya, aka sa musu injin HPLC don gwajin jarirai. Ta Arewa maso Yamma a asibitin tarayya na nan Birnin Kebbi aka ajiye ta, ta Arewa maso Gabas a Gombe, ta Arewa ta Tsakiya a Keffi. A 2014 kuma aka fitar da kundin ƙasa na kula da cutar sikila, kuma gwajin jarirai na ciki. Amma har yanzu ba mu kai inda kowane jaririn Nijeriya ake gwada shi kai tsaye ba. Inji ɗaya ga jihohi bakwai, yana son sinadarin da ake sayowa daga waje, da wuta marar yankewa, da mai gyara, da motar da za ta kawo samfur daga Kamba ko Zuru. Kafin ku rubuta komai, ku aika a tambayi cibiyar ko tana karɓar katin digon jinin jarirai daga waje a halin yanzu, da nawa ake biya.

Idan katin za ku yi, ga yadda ake ɗauka. Takardar ta musamman ce, Whatman 903, mai da'irori a jiki. A cike sunan uwa, ranar haihuwa, ranar ɗauka da lambar waya tun kafin a taɓa yaro. A ɗumama ƙafar da tafin hannu ko tsumma mai ɗumi, a riƙe ta ƙasa da ƙirjin jaririn, a goge da sifirit a bari ya bushe sarai, don ragowar sifirit na fasa ƙwayoyin jini. A soka a gefen dunduniya, dama ko hagu, ban da tsakiya da bayanta inda ƙashi ke kusa. Tsinin kada ya wuce milimita 2, na bakwaini ma ya fi haka gajarta. Allurar sirinji ko reza ba su da wuri a nan. Digon farko a share shi da busasshiyar auduga. A bar babban digo ya taru, a kusanto da katin ya sha da kansa har ya ɓullo ta baya, digo ɗaya ga kowace da'ira.

Kurakuran da ke sa mu mayar da kati kusan kullum iri ɗaya ne. An matse ƙafar kamar ana tatsa, ruwan tsoka ya gauraya da jinin. An ɗiga ƙanana biyu ko uku a kan juna don a cike da'ira. An goga fatar a kan takardar. Ko an jefa shi cikin leda yana ɗanye, ya yi fumfuna. Kati yana son awa 3 zuwa 4 a kwance, a inuwa, ba a kan juna ba, ba a rana ba, ba a gaban murhu ba. Zafin Afrilu da Mayu a nan yana haura digiri 40, kuma himogulobin na lalacewa a irin wannan zafi, injin ya fitar da abin da ba ya karantuwa. Da damina laima ce matsalar, da hunturu ƙura. In ya bushe a sa shi a ambulan, in da hali da ɗan ƙunshin nan mai tsotse laima, a tura washegari. Tara kati na wata guda a durowa don a haɗa kuɗin mota asarar jinin yara ce kawai.

Sakamakon jariri ba a rubuta shi AA ko SS. Za ku ga FA, lafiya lau ke nan. FAS ko FAC, mai ɗauke da iri ne kawai. FS ko FSC, alamar cutar sikila ke nan, wannan shi ake nema ruwa a jallo. Kuma duk jaririn da aka yi wa ƙarin jini kafin ɗauka, jinin wani kuke gwadawa. A ɗauka kafin ƙarin, in an riga an yi a sake bayan wata huɗu.

Ungozoma, Argungu

Sannu da ƙoƙari, Malam na ɗakin gwaji. Bayaninka daidai ne, amma ya ɗauka cewa jaririn yana hannunmu ranar da aka haife shi, kuma a Kebbi ba haka abin yake ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwar asibiti a jihar nan ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Duk shirin da aka ɗora a kan ɗakin haihuwa kaɗai, yawancin yara zai wuce su.

Inda ake kama su shi ne wurin rigakafi. Uwa da ba ta haihu a asibiti ba takan kawo yaro allurar BCG bayan suna, ko ta sati shida idan ta gama wankan jego. An gwada wannan hanya a asibitocin matakin farko na Gwagwalada, ƙarƙashin Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja, da sandar HemoTypeSC, aka buga sakamakon a 2020, kuma ya nuna ma'aikatan rigakafi na iya yi ba tare da aikinsu ya tsaya ba. Sandar ba ta son wuta ko firiji, F ɗin jariri ba ya ruɗa ta, kuma cikin kamar minti goma an gama, uwa na zaune. Wannan shi ne babban amfaninta a wurinmu: ba sai an bi sawun kowa da sakamako ba. Abu ɗaya da za a koya wa ma'aikaci da kyau, a HemoTypeSC layin da ya ɓace shi ne ke nuna nau'in yana nan, akasin gwajin maleriya da hannunsu ya saba da shi. Wanda ba a zaunar an koya masa ba zai karanta a juye.

Malam na Jega, ka sa rijista a cikin lissafinka, littafi daban mai sunan uwa da na uba, unguwa, sunan mai unguwa, da lambar waya biyu. Dalili: mai haihuwar fari sau da yawa a gidan iyayenta take wanka, bayan arba'in ta koma gidan miji a wani gari, ga yaron kuma kafin suna ba shi da sunan da za a neme shi da shi. A rubuta sakamakon a jikin katin rigakafi ma, shi ne takardar da uwa ba ta yarwa. Sannan a nemi yardar maigida tun wurin awon ciki, a shigo da ungozomomin gargajiya da wanzamai da limamai cikin bayanin. Wanzami yana ganin jariri a makon farko fiye da yadda muke ganinsa.

Ga tambayarka ta uku, ni abin da zan sa kusa da sikila shi ne ciwon shawara, saboda ƙarancin sinadarin G6PD mai kare jan jini. Gado ne, ya fi kama maza, waɗanda ke samunsa ta wajen uwa, kuma yana da yawa a Nijeriya. Jan jinin irin wannan yaro na fashewa idan ya haɗu da wasu abubuwa, kuma abubuwan suna cikin ɗakin mai jego: ƙwallon kafur da ake sawa a akwatin kayan jarirai, man shafawa mai mentol da ake gasa cibi da shi, da lalle idan aka shafa wa jaririn. Kayan da suka kwana da kafur a wanke su a shanya kafin a sa masa. Shawarar kan taso ne kwana na biyu zuwa na biyar, daidai lokacin da uwa da ɗa ke cikin ɗaki mai duhu ana jiran suna. A fito da shi hasken rana kullum a duba farin ido da dasashi, a danna goshi ko hanci da yatsa a ga launin da ke ƙasa. Daga kai take farawa ta gangara. In ta kai tafin hannu da na ƙafa, ta yi nisa. Wadda ta bayyana cikin awa 24 na farko, ko yaro ya daina kama nono, yana kuka mai tsini, yana sanƙarewa ta baya, a tafi babban asibiti a daren. Ruwan gulukos da shanya yaro a hantsi ba sa maganinta. Fitilar nan mai shuɗin haske ake sa shi a ƙarƙashi, in ta yi tsanani a canza jini. Jinkiri ne ke barin yaro da kurumta ko lalurar ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwa.

Likitan yara, Birnin Kebbi

Malam da Hajiya sun gama da ɗaukar jini. Ni abin da zan ce wa kwamitinku shi ne kada su sayi sanda ko ɗaya sai sun amsa wannan: yaron da ya fito FS ranar Talata, wa zai gan shi, a ina, kuma da wane magani zai koma gida? Gwajin ba ya warkar da kowa. An ƙiyasta ana haifar yara kusan 150,000 da sikila duk shekara a Nijeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da irin. Don haka asibitin da ke gwada 'yan ɗaruruwa a shekara lallai zai samu nasa, ya shirya musu.

Abin da ke kashe su da wuri ba ciwon ƙashi ba ne. Saifa ce ke daina aiki tun cikin shekarar farko, ƙwayar cutar da ke kawo limoniya da sanƙarau ta shiga jini ta gama da yaro cikin sa'o'i. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1986 ya nuna fenisilin na sha kullum ya rage irin wannan kamuwa da kashi 84 cikin 100, kuma shi ne ya sa gwajin sikila na jarirai ya bazu a can. A Afirka, Kumasi ta Ghana ta fara nata tun 1995. Ana so a fara fenisilin V kafin yaro ya cika wata uku. Ma'aunin da aka saba: miligiram 62.5 sau biyu a rana ƙasa da shekara ɗaya, 125 sau biyu daga shekara ɗaya zuwa biyar. Likita ne zai rubuta. Na ruwan idan aka dama shi yana son sanyi kuma ba ya daɗewa, wanda a ƙauyen da babu firiji matsala ce ta gaske. Ƙwayar da za a niƙa a cokali da ɗan nono ta fi sauƙin riƙewa.

Sai rigakafi cikakke, musamman PCV ta limoniya da Penta mai kare cututtuka biyar a sati 6, 10 da 14. Sai folik asid. Sai kariya daga maleriya: gidan sauro, maganin da likita ya ɗora shi a kai, da allurar maleriya da aka fara bayarwa a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, a wata 5, 6, 7 da 15. Idan masu rabon maganin damina gida-gida suka zo, uwa ta gaya musu abin da yaron ke sha.

Uwa kuma a koya mata abu uku da hannu, ba da baki kawai ba. Zazzaɓi da ya kai digiri 38 asibiti ne nan take, ba kemis ba, ba a jira gari ya waye. Ta iya lalubar saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu lokacin wanka, domin takan kumbura farat ɗaya ta tsotse jini, yaro ya yi fari fat ya yi laushi. Ta kuma gane kumburin bayan hannu da ƙafa, wanda sau da yawa shi ne alamar farko wajen wata shida. A gaya wa gidan kada a yi tsaga ko cire beli, kaciya kuma a bari sai an auna jini. Daga wata tara ana iya maganar fara maganin sikila mai suna haidiroksiyuriya, daga shekara biyu kuma hoton jijiyoyin kai da ake kira TCD duk shekara, don gano wanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Binciken da aka yi a Kano ya taimaka wajen nuna cewa haidiroksiyuriya na rage wannan haɗari a yaranmu.

Game da digo ɗaya mai nuna cututtuka da yawa: asalinsa Robert Guthrie ne a Amurka, farkon shekarun 1960, don cutar PKU, inda jiki ke kasa sarrafa wani sinadari na abinci mai gina jiki har ya taru ya lalata ƙwaƙwalwa. A Ingila ana ɗaukar digon rana ta biyar. PKU ba ta da yawa a baƙar fata, injin da ke auna ire-irenta yana da tsada ƙwarai, madarar da ake ba yaran ma haka. Ban ga hikimar farawa da nan ba. Sai dai a gidan da ake auren zumunci kuma jarirai biyu ko uku sun rasu a makon farko da amai, suma ko jijjiga bayan sun fara shan nono lafiya, wannan gida a tura shi asibitin koyarwa tun da ciki.

Wadda nake ganin ta cancanci zama ta biyu a kan kati ita ce ƙarancin aikin tayirod, ƙullin nan na maƙogwaro da ke zama maƙoƙo idan ya kumbura. Quebec ta Kanada ta fara gwada shi a 1974. Yana samun kamar jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000, kuma da farko ba ya nuna komai. Daga baya sai yawan barci, rashin kuka, taurin bayan gida, shawarar da ta wuce sati biyu, babban harshe, faɗin maɗiga, cibi ya turo. Abin takaici, irin yaron nan ne ake yabo da haƙuri. Maganinsa ƙwaya ce mai araha, libotayiroksin, maikirogiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo a rana, kuma in an fara cikin sati biyu na farko ƙwaƙwalwa na tsira. Lokacin ɗauka yana da muhimmanci a nan: TSH, sinadarin da ake aunawa a wannan gwaji, na tashi da kansa a ranar haihuwa, don haka a jira awa 48 zuwa 72, in ba haka ba za a tayar wa iyaye da hankali a banza. Shi kuma wannan, Hajiya, jiran sati shida ya yi masa nisa.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Birnin Kebbi

Hajiya, na yarda da sanda a wurin rigakafi, amma da sharaɗi. A, S da C kawai take gani. Yaron da ya nuna S kaɗai yana iya zama SS, yana iya zama S haɗe da wani nau'in talasimiya (wata cutar jini ta gado), ko S da F ɗin da ba ya sauka, kuma na ƙarshen nan kusan lafiyarsa ƙalau. Duk wanda sanda ta kama a tabbatar da wata hanya ta biyu, a gwada iyaye. Amma kada a dakatar da fenisilin ana jiran tabbaci. A riƙa duba ranar lalacewar sandunan, kuma kada a bar kwalinsu a ɗakin kwano da rana.

Jami'in lafiya na matakin farko, Jega

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Saura ɗaya, ranka ya daɗe Likita. Idan yaro ya fito FS, uba kuma ya ciro takardar da ta ce shi AA ne, me ma'aikaci zai ce?

Likitan yara, Birnin Kebbi

Kada ya ce komai a kan nasaba, ba aikinsa ba ne, kuma gwajin nan ba ya yanke wannan hukunci. Takardun jinotayif na kuskure suna da yawa: an yi da gwajin sikilin an rubuta AA, ko an musanya kwalba, ko an rubuta ba a gwada ba ana gaggawar ɗaurin aure. Akwai kuma uban da injin gari zai nuna AA alhali yana ɗauke da irin talasimiya, ɗansa ya fito FS, kuma ɗansa ne. Abin da zai faɗa shi ne sakamakon farko ne, za a sake na yaron da na iyaye biyu a babban asibiti da HPLC. A yi maganar a keɓe, ba a layin rigakafi ba, uba da uwa tare, don kada a bar ta ita kaɗai ta kai labari gidan miji a ce daga danginta ne. In an tabbatar duka biyun AS ne, a bayyana musu cewa kowane ciki yana da ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba, kuma a kawo yayyen jaririn su ma a gwada su, har da na sauran ɗakunan idan gidan mai mata fiye da ɗaya ne.